Sunan Salula da Ya Kai Mu Karaye

Mun tashi da asuba daga Sakkwato, ana idar da salla, mu uku: ni da yayata da wani abokina da ya ɗauke mu a motarsa. Tun a ƙofar gida yayata ta fara mita, wai mun jefa mata kwandon goro a bayan mota inda zafi zai dafa shi. Sai da aka fito da shi ta ɗora a cinya, sannan ta yarda aka tayar da mota. Waɗanda suka ga hoton buhun albasa da na sa shekaranjiya suna ta tambaya ko na bar koyarwa na koma fatauci, to ga amsarku. Ba albasa ta kai ni jihar Kebbi ba. Suna ne ya kai ni, kuma sunan ya kusa ɓata mana aure.

Bari in fara da mai sunan. Ɗiyar wana ce, Allah ya jiƙansa. Sunanta na yanka Hauwa'u, amma in ka shiga unguwarmu a Aliero kana tambayar Hauwa'u za ka sha yawo, don kowa Salula ya sani. Ta haura shekara ashirin, ta yi karatun ungozoma, tana aiki a wani ƙaramin asibiti. Can ta haɗu da wani malamin firamare ɗan Karaye ta ƙasar Maiyama, ranar da ya kawo ƙanwarsa haihuwa. Suka daidaita kansu, manya suka shiga, ni ne waliyyinta tunda mahaifinta ba ya raye. Saura a sa rana kawai, sai ga saƙo wai a dakata. Kakar yaron, wadda ta rene shi tun yana goye, ta ce ba ta yarda ba tukuna. Dalili kuwa, an gaya mata cewa kalmar salula daga sel ta fito, wato ɗakin da 'yan sanda ke kulle mai laifi, kuma wai an sa wa yarinyar sunan ne saboda ubanta yana tsare lokacin da aka haife ta.

Ranar da na ji wannan magana ban iya cin tuwon dare ba. Wana mutum ne da ko akuyar maƙwabci ta shiga masa gona, sai ya kora ta a hankali yana ba ta haƙuri. Na kira baffan yaron na yi bayani, ya ce shi ya gamsu, amma tsohuwa ta ƙi karɓar wayar ma. Shi ya sa muka ɗauki hanya.

Hanyar Bodinga zuwa Shagari ba laifi, sai dai manyan motoci da ke tafiya a tsakiyar titi kamar gadonsu ne. Bazara ce sosai. Gonaki sun yi fayau, an share ana jiran ruwa, mangwaro kuma a tule a bakin hanya har 'yan tallan ba sa ɗaga murya, don sun san ba wanda zai wuce bai saya ba. A Tambuwal muka tsaya karin kumallo. Ƙosai da kunun tsamiya muka samu wajen wata mata, ƙosan da zafinsa, sai dai ya ƙanƙance. Yayata ta ɗaga ɗaya sama ta duba, ta ce a da in ka ci uku ka ƙoshi, yanzu kuwa sai ka haɗiye biyar kafin haƙori ya san an yi baƙo. Mai ƙosan ta ce ta je ta tambayi masu wake da masu mai.

A nan ne abokina ya jefa mana dutse a rijiya. Shi aikinsa kula da ƙarafunan sabis ne, waɗannan dogayen da kuke gani a bakin gari da jar fitila a kai. Na ce masa in mun isa ya taimaka ya shaida wa tsohuwa cewa salula ba ta da wata alaƙa da sel. Ya ajiye kofinsa ya ce shi fa ba zai yi wa tsohuwa ƙarya ba, domin kalmar ɗaya ce.

Yayata ta ce, "Kai, a mayar da ni gida. Mun ɗauko maƙiyi cikin mota."

Ya yi dariya har ya ƙware. Da ya huce ya yi mana bayani. Ya ce a bakin Turawa sel ɗan ƙaramin ɗaki ne, ko wane iri. Na 'yan sanda ɗan ɗaki ne, shi ya sa aka kira shi haka. Su kuma masu wayar, da suka tashi raba sabis, sai suka yanka ƙasa gida-gida a kan taswira, kowane gida da ƙarfensa guda. In kana tafiya kana magana, ƙarfen wannan gida ya miƙa ka ga na gaba ba tare da ka sani ba. Waɗannan 'yan ɗakunan ne suka ba wayar suna, mu kuma bakinmu ya gyara kalmar ta zama salula. Ya ce daga Sakkwato zuwa inda muke zaune mun ratsa ɗakuna da yawa, kuma ba wanda ya kulle mu a ko ɗaya. Na fahimta sarai, amma hankalina bai kwanta ba. Ina tunanin yadda zan zauna gaban tsohuwa in ce mata, gaskiya ne daga sel ne, amma ba wancan sel ɗin ba.

Tun kafin a ga Aliero hanci ke sanar da mutum an iso. Albasa ko'ina. An kwashe ta daga fadama, wasu na zubawa a rudu, rumbun kara da ciyawa da ake ajiye ta har ta yi daraja, wasu na ɗinke buhuna, manyan motoci sun yi layi za su yi Kudu. Na tambayi kuɗin buhu, dillalin ya faɗa, na ce ai kaka ce, ya ce kakar bana ba ta san ita kaka ce ba. A gefe guda ga motoci na sauke masu karaya, don garinmu ya yi suna wajen ɗori. Na ga wani saurayi da ƙafa ɗaure da karare yana kwance a inuwa yana kallon ƙwallo a wayarsa, yana ihu kamar shi ke bugawa.

Muka shiga gidan marigayi. Mahaifiyar Salula ta rame, na gani a wuyanta. Ita maganar auren ba ta dame ta kamar ƙazafin da aka yi wa mijinta yana kabari ba. Salula ta kawo mana fura, ta durƙusa ta gaishe mu, tana ƙoƙarin murmushi amma idanun sun nuna ba ta yi barci ba. Ta ce, "Baffa, in sunan ne matsala a daina kira na da shi mana." Uwar ta ce ba wanda zai cire mata sunan da ubanta ya fi so, in sun fasa su fasa. Nan na ga abin ya fi yadda na zata, don in muka dawo hannu rabbana ba aure kaɗai zai lalace ba, har tsakanin uwa da ɗiya sai an ji a jika. Salula ta so ta bi mu, yayata ta ce ina aka taɓa ganin yarinya ta kai kanta gidan surukai neman shaida. Ba mu daɗe ba muka wuce.

Tsakanin Aliero da Jega tafiyar ba ta da nisa, amma ni duk sanda na bi ta sai na tuna wata safiya. A Jega na sa abokina ya tsaya kusa da tasha, na nuna musu wani wuri da yanzu shagon gyaran waya ne, samari sun duƙufa a kan tebur da 'yan ƙananan sukundireba. Na ce a nan aka samo sunan.

Lokacin da aka haifi yarinyar, sabis bai kai Aliero ba, a Jega ya tsaya. Wana kuwa ya bi motar albasa zuwa Kudu, ya bar matarsa da tsohon ciki, bayan sun yi ɓari har sau biyu. Da hantsi ta sauka lafiya. Na ari babur na taho Jega a guje, don a wannan wurin akwai wani mutum da ke zama ƙarƙashin lema da waya guda a kan tebur, ana bin layi ana kira. Lambar wani mai shago a kasuwar albasa ta can nake da ita. Aka kira, aka je aka nemo wana, na ji muryarsa daga nesa kamar yana cikin rijiya. Na buɗe baki na ce, "Yaya, matarka ta..." sai layin ya yanke. Aka sake bugawa, shiru. Aka ɗaga wayar sama, aka juya gabas, mai lema har kan benci ya hau, shiru. Sai bayan azahar sabis ya dawo. Ashe duk tsawon wannan lokaci wana yana zaune a ƙofar shagon mutane ya haɗa kai da gwiwa, ya riga ya gama yanke wa kansa cewa ta rasu. Da layin ya shiga ban ko yi sallama ba, na kwarma ihu, "Ta haihu! Mace! Duk suna lafiya!" Mutanen da ke bayana a layi suka ɗauki kabbara, wata mai tallan gyaɗa ta rangaɗa guɗa, alhali ba wanda ya san mu.

Ana gobe suna ya iso, da sabuwar waya a aljihu, ta farko a unguwarmu. Ba ta da amfani a Aliero tunda ba sabis, amma ya ajiye ta kusa da kan jaririya ya ce wannan abu shi ya kashe shi, shi ya tashe shi a rana ɗaya. Matan gida suka fara ce wa yarinyar Ta-Salula, kamar yadda ake cewa Ta-Salla ko Ta-Rana. Da tafiya ta yi tafiya, ta ɗin ta faɗi a hanya.

Yayata ta san labarin, amma sai da ta share ido da gefen mayafi. Don kada mu tsaya muna kuka a bakin tasha, na ce a shiga kasuwa a sayi abin gaisuwa. Kasuwar Jega ba a shigarta da gaggawa. Ga shinkafa 'yar gida a buhu-buhu, ga busasshen kifi da ake kawowa daga bakin gulbi, ga mahauta na ta sara, ga 'yan kabu-kabu na kutsawa tsakanin mutane kamar allura cikin zane. Mun ci soyayyen kifi da yaji a tsaye, mai daɗi ƙwarai, sai dai kuɗinsa ya sa na ci har da ƙayar da zan iya taunawa. Muka sayi turmin atamfa da sabulu da sukari.

Muna fitowa abokina ya ja birki a gaban wani mai zuma. Mutumin ya zo da ita a cikin roba, ba a tace ba, da saƙarta. Abokina ya ɗaga yanki guda ya ce mu duba. 'Yan ɗakuna ne jere, kowanne manne da ɗan uwansa, ba gibi a tsakani. Ya ce wallahi haka taswirar take a ofishinsu, in ka ga zanen sai ka rantse ƙudan zuma ne suka yi shi. Yayata ta ce a saya, in baki ya kasa bayani zuma ta yi. Mai zumar bai san abin da muke nufi ba, amma ya ga mun ƙwallafa rai, don haka bai rage ko sisi ba.

Daga Jega muka haye gada muka miƙi hanyar Maiyama. Ruwan gulbin ya ja baya, masu noman rani sun bi shi da injinan ban ruwa, kore shar a tsakiyar wannan zafi. A hanya hira ta koma kan sunayen abin. Yayata ta ce ita har yau abin da ke ba ta dariya shi ne a ce waya, alhali ba ko zare a jikinta. Na tuna musu da turakun da muka taso muna gani a bakin titi, da wayoyi a miƙe tsuntsaye na hutawa a kai, lokacin da sai babban ofis ke da tarho. Wayar ta tafi, sunan ya zauna. Abokina ya ce a wurin aiki hanset suke cewa, 'ya'yansa kuma ba su san wani suna ba sai waya kawai, in ka ce salula sai su ce Baba ya tsufa. Yayata ta ce duk cikin sunayen ba wanda ya kai tafi-da-gidanka, don duk sanda ta ji shi kunkuru take tunawa, kuma 'yan zamani sun zama kunkuru, kowa ya shige cikin gidansa ya ja wuya.

Mun yi azahar a Maiyama, muka sha ruwan sanyi, muka yi tambaya. Wani mai faci ya kwatanta mana hanya da hannu da ƙafa da haɓa, ya ce ba nisa, nan ne. Ku dai kun san nan ne ɗin mutumin karkara. Mun yi ta tafiya, mun ɓata sau ɗaya har muka faɗa gonar wani, muka dawo. Motar abokina ta sha duka a ƙasa, duk sanda ta daki wani abu sai ya ce wash kamar shi aka buga.

Karaye gari ne mai natsuwa, rumbuna a tsaye, awaki na kwance a gindin bango. Baffan yaron ya tarbe mu da murna da 'yar kunya. Aka shimfiɗa mana tabarma a tsakar gida ƙarƙashin dalbejiya, aka kawo ruwa, sannan tsohuwa ta fito. 'Yar ƙarama ce, ta dogara sanda, amma idanunta ba su tsufa ba. Aka yi gaisuwa doguwa: gajiya, gida, zafi, mutanen Sakkwato, mutanen Aliero, har da motar da ta kawo mu. Yayata ta miƙa goro da kaya. Tsohuwa ta sa albarka, ta ce, "To, mi ke tahe da ku?" kamar ba ta sani ba.

Na gyara zama na fara. Jama'a, ni malami ne, shekara da shekaru ina tsayawa gaban aji, amma ban taɓa rikicewa irin ta ranar ba. Na ce sel ɗaki ne. Ta ce ta sani, na 'yan sanda. Na ce a'a, wannan ɗakin ba shi da bango. Ta ce ɗakin da ba bango ai fili ne. Abokina ya karɓa, ya fito da saƙar zuma, ya nuna mata ramukan, ya yi maganar ƙarfe da taswira da yadda wannan ke miƙa wa wancan. Ta karɓi saƙar ta juya ta, ta kai hanci, ta gutsura ta tauna a hankali. Muna jira. Ta ce, "Wagga ta ɗorawa ce. Mai ita bai cuce ku ba." Ashe mijinta marigayi mai ɗora amya ne, wato gidan ƙudan zuma da ake sa wa a kan bishiya, ta fi mu sanin zuma nesa ba kusa ba. Bayanin kuwa ko kallonsa ba ta yi ba.

Yayata ta zungure ni ta ce in bar taswira in ba ta labarin. Sai na ba ta, tun daga ɓarin da aka yi, da babur, da mai lema a kan benci, da wana a ƙofar shagon mutane. Da na zo inda layi ya yanke, tsohuwa ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo, bawan Allah!" Da na zo inda na yi ihu, ta yi dariya har sandarta ta faɗi. Matan gidan da ke laɓe a bayan zana suka fito fili. Na rufe da cewa wana bai taɓa kwana a hannun hukuma ba, kuma duk Aliero shaida ne.

Sai ta ce, "Ɗana, ko da ya kwana, mi ya yi zahi? Mijina ya kwana biyu can kan rikicin iyakar gona, ya hito, kuma ba a hi shi mutunci ba garin ga."

Na ce to Inna, me ya sa aka ce a dakata?

Ta ce wani jikanta ne ya faɗi maganar sel ɗin a wurin hira, da wasa ma ya faɗa, mata suka ɗauka suka ƙara mata gishiri. Ita ba ta gaskata ba, ba ta kuma ƙaryata ba, ta dai riƙe. "Yaron ga ni na tauna na ba shi. Uwarsa ta rasu yana wata bakwai. Amma neman aurensa a waya, gaisuwar iyaye a waya, har sa rana za a yi a waya. Sai dai a miƙo mini abu a kunne a ce ga surukanki. Ban ga hancin kowa ba. Na ce to, tunda an ce akwai magana, bari in ga ko ɗiyar tana da mutanen da za su taka ƙasa saboda ita." Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Ga shi kun taka."

Baffan yaron ya sunkuyar da kai, ni ma haka, don gaskiya ta faɗa. Mun kai kayan gaisuwa ta hannun 'yan aike, mun yi komai cikin sauƙi, muna ganin mun waye, ba wanda ya tuna akwai wadda ya kamata a zo a durƙusa wa. Yayata ce ta cece mu. Ta matsa kusa da ita ta kama hannunta ta ce, "Inna, mun yi laifi, a yafe mana. Amma ke ma kin hana mu barci mako guda." Tsohuwa ta ce ai da gangan ta yi, ita ma ta daɗe ba ta yi ba. Aka fashe da dariya gaba ɗaya.

Daga nan gida ya kacame. Aka kama zakara, aka ɗora tuwon shinkafa da miyar kuka da man shanu, muka ci har muka kasa tashi. Aka kira dattawa biyu, aka yi addu'a, aka sa rana bayan ƙaramar salla. Angon yana makaranta lokacin da muka iso, ya dawo ya tarar an gama, ya tsaya a bakin zaure yana ta murmushi ya rasa inda zai sa hannunsa. Tsohuwa ta sa aka ɗauko mata wani ƙaramin tulu na zumar da take ɓoyo, ta ce a kai wa yarinyar, a ce mata wannan ta fi ta Jega. Ta ƙara da cewa ita bakinta ba zai iya Salula ba, Ta-Zuma za ta riƙa ce mata, wanda bai so ba ya kai ƙara.

Da la'asar sakaliya muka kamo hanya. Muna hawa kwalta na zaro waya zan kira Aliero, yayata ta fizge ta ta tura cikin jakarta. Ta ce yanzun nan aka gama yi mana wa'azi, wannan albishir da baki za a kai shi. Har ta tsara yadda za mu yi: mu shiga da fuska a ɗaure, mu zauna, mu nemi ruwa, sai an matsu sannan ta saki guɗa. Tun daga Maiyama har Jega tana gwada ɗaure fuska a madubin mota, abokina na ba ta maki.

Mun shiga Aliero gab da magariba. Tun daga bakin lungu muka ji ƙamshin suya. Muka yi sallama da fuskokinmu na aro, sai muka tarar da tsakar gida cike da maƙwabta, an kunna wuta, uwar Salula na raba cingam da alewa, fuskarta kamar an wanke. Salula ta fito ta durƙusa, tana ta ƙoƙarin yin kamar ba ta san komai ba, ta ce, "Gwaggo, lafiya? Ya hanya?" amma dariya ta ci ƙarfinta. Ashe ko ƙofar gari ba mu fita ba angon ya kira ta, ya ba ta labari kaf, har da yawan tuwon da na ci. Yayata ta tsaya da jaka a hannu ta ce, "Amma yaron nan an yi ɗan banza." Sannan ta ajiye jakar ta rangaɗa guɗar duk da haka, don ta ce ba za ta koma da ita Sakkwato ba. Mata suka amsa mata. Salula ta rungume tulun zuma tana kuka tana dariya, uwarta ta riƙe ta, ni kuma na fita waje na ɗan tsaya, don na tuna wanda ya kamata a ce yana nan.

A Aliero muka kwana, washegari da hantsi muka dawo, da buhun albasa a bayan mota wanda ba mu saya ba, maƙwabta suka haɗa mana. Shi ne hoton da kuka gani.

Na fita ina shirin kare kalma, na dawo na san asalinta fiye da da: ɗan ɗaki ne, irin na saƙar zuma, kuma ba abin kunya a ciki. Amma abin da ya fi zauna mini shi ne, sau da yawa in babba ya kafe a kan ƙaramar magana, ba ita ce ke cinsa ba, akwai wata a ƙarƙashi da girma ya hana shi faɗa. Da mun tsaya muna aika hujja daga nesa, da mun yi gaskiya mun kuma rasa auren. In kuna da tsoho a wani ƙauye da ya fara yi muku rigimar da ba ku gane kanta ba, kada ku tsaya neman amsa. Ku sayi goro, ku zuba mai, ku je ya gan ku.